Haƙƙin Tsohuwar Kabo

'Yan'uwa ɗalibai, wata tambaya ta hana ni sukuni tun hutun da ya wuce. Malaminmu na Adabin Baka ya aike mu tattaro waƙoƙin niƙa. Na bi hanyar Gwarzo na sauka a Kabo, inda wata tsohuwa ta rera mini guda bakwai. Na ɗauka a waya, na ba ta goro. Da zan tashi sai ta ce, "Ɗan nan, ina za ka kai muryata?" Na ce, "Makaranta, Iya." Ta ce, "To, can za su san ni?"

Na ci maki mai tsoka. Sunana ne a bangon aikin, ita kuwa "wata tsohuwa" na kira ta, kamar yadda na sake yi yanzu.

Wani abokina ɗan Gwarzo ya ce babu laifi, wai waƙar niƙa gadon kowa ce. Haka ne, ba ita ta ƙago su ba. Amma tun da inji ya kori dutsen niƙa, a bakin irinta kaɗai suka rage. Shin mai riƙon ajiya ba shi da haƙƙi?

A aji mukan soki Frank Edgar, mai Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911 zuwa 1913), cewa sunansa ya danne na malaman da suka rubuto masa. Mary Smith kuwa sunan Baba ta Karo ta sa wa littafinta na 1954, ko da yake Baba ta rasu tun 1951, ba ta gan shi ba. Ni ɗan gida, sawun Edgar na bi.

Ranar Asabar zan koma Kabo in tambayi sunanta. Mai yiwuwa ma kunya ta hana ta yarda a rubuta.