Kunne Amana Ne: Tambihi Kan Abin Saurare da Ake Ƙerawa Daidai Kunnen Mutum

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi ji da gani da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, abin da muke so mu duba a wannan fitowa shi ne ɗan abin nan da samarinmu ke cusawa a kunne domin sauraren abin da ke cikin salula, wanda a nan Nijar ake kira ekutar, a Najeriya kuma iyafis. Duk wanda ya ratsa tashar motar Gure, ko ya gifta wata fada da maraice, ya san ba baƙon abu ba ne. Hukuncin kiɗa da waƙa babi ne na dabam, malamai sun yi bayaninsa. Tambayarmu a yau ita ce: shin kunnen mutum nasa ne shi kaɗai, ya buɗe shi ga abin da ya so, ya toshe shi ga wanda ya ga dama, ko kuwa akwai masu haƙƙi a cikinsa?

Bari mu fara da sanin abin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. A shekarar 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ƙaramar rakoda mai suna Walkman, wadda mutum zai rataya yana tafe yana jin kaset shi kaɗai. A shekarar 1995 kuma wani mai haɗa sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa wani makaɗi abin saurare da ya zauna daram a cikin kunnensa, domin ya riƙa jin abokan kiɗansa a tsakiyar hayaniyar taro. Wannan na cikin abubuwan da suka yaɗa sana'ar, har ta kai ga masu saurare na yau da kullum. Yadda ake yi shi ne, masanin lafiyar ji zai ɗura wani abu mai danƙo a ramin kunnen mutum, ya bari ya daskare, ya ciro shi da siffar kunnen, sannan a ƙera abin saurare a kan wannan siffa. Ba zai shiga kunnen kowa daidai ba sai na mai shi, kuma yana tare ƙarar waje sosai. Kuɗinsa ɗaruruwan dalolin Amurka ne. Abin da ke hannun yaranmu mai araha ne, amma duk inda aka dosa ɗaya ne: a rufe kunne ruf, kada wani sauti ya shiga sai wanda mutum ya zaɓa.

Adalci ne mu faɗi alherin da ke ciki. Wanda ya sa abin saurare da dare yana bin karatun Alƙur'ani ko tafsiri, ya bar maƙwabcinsa mara lafiya ya yi barci, ya fi wanda ya ƙure lasifika ya hana unguwa sakat, ko da wa'azi ya sa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya hane su da su cuci juna da hakan. Haka nan likitoci sun bayyana cewa abin da ya toshe kunne da kyau ba ya buƙatar a ƙure masa murya, alhali kuwa wanda ke yoyon sauti shi ke sa mutum ya yi ta ƙarawa don ya rinjayi ƙarar kasuwa. Saboda haka laifin ba a jikin na'urar yake ba. Sai dai gwargwadon yadda ta iya toshe kunne, gwargwadon nauyin da ke hawa kan mai ita. Masu haƙƙi a kunne kuwa uku ne.

Na farko shi ne jikin mutum. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 16,000, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tohowa. Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60, salula kuwa idan aka ƙure ta tana iya wuce 100. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. A 2019 ta fitar da ƙa'ida cewa baligi kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80. Idan ƙarar ta kai 90, awa 4 kacal ke gare shi a mako. Mu da muka karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani mun san cewa wanda ya gusar wa wani da jinsa, diyya cikakkiya ce a kansa, wato raƙuma 100 ko dinari 1,000, daidai da diyyar rai. To, abin da shari'a ta yi wa wannan kima idan wani ya lalata maka, yaya za ka lalata shi da hannunka, kana biyan kuɗi? Kurumtar nan ba ta zuwa rana ɗaya. Tana somawa ne da ƙugi a kunne bayan an cire abin, sai a wayi gari mutum yana sahu na uku ba ya jin karatun liman.

Na biyu su ne mutane. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a bakinta, kuma amsa sallama da kame cuta suna cikin wannan haƙƙi. Dattijo ya yi wa yaro sallama sau biyu, yaron na kallonsa yana kaɗa kai ga abin da shi kaɗai ke ji. Uwa ta ƙwala kira daga madafi har ta gaji ta taso da kanta. Ba a ce yaron ya yi niyyar wulaƙanci ba, amma shi ya zaɓi ya sa kansa inda kira ba zai same shi ba, kuma wannan zaɓin ne abin tambaya. Mafi tsanani shi ne ɗan kabu-kabu da ya toshe kunnuwa biyu ya hau babbar hanyar nan ta Damagaram zuwa Difa, inda manyan motoci ke wucewa. Odar da bai ji ba, ba ransa kaɗai ta shafa ba, har da na wanda ya ɗauko. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na uku, kuma mafi girma, haƙƙin Allah ne. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, an sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Muslim ya ruwaito labarin makahon da ya nemi rangwamen yin salla a gida, aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, da ya ce yana ji aka umurce shi ya amsa. Wanda ladan ya yi kira alhali shi ya rufe ƙofar kunnensa da gangan, ba za a haɗa shi da wanda nisa ko kurumta ta hana shi ji ba.

A nan akwai wani abu da ya kamata iyaye su lura da shi. A da, saurare abu ne na taro. Rediyo ɗaya ake kewayewa a ƙofar gida a ji Muryar Sahel, rakoda ɗaya ke fada. Idan aka sa abin da bai dace ba, akwai babba da zai yi gyaran murya, akwai kunya da za ta sa a sauya kaset. Yanzu wannan shaidar ta kau. Yaro na zaune kusa da mahaifinsa, mahaifin bai san ko Alƙur'ani yake ji ba, ko batsa, ko wa'azin masu kafirta Musulmi. Ba bincike da ƙwace salula ne zai magance wannan ba, domin abin da aka ƙwace yau gobe za a sayi wani. Abin da ya rage mai tsaron wannan ƙofa shi ne sanin cewa Allah Yana ji, kuma wannan tun yaro na ƙarami ake shuka shi.

Saboda haka muke ba da shawara ga wanda zai zaɓi abin saurare, mai tsada ne ko mai araha. Ya fara tambayar kansa a ina zai yi amfani da shi. Wanda ke toshe kunne ruf na ɗaki ne da doguwar tafiya a cikin mota, ba na mai tuƙi ba ne, ba kuma na mai tsallaka titi ba. A cikin gida ko cikin jama'a ya bar kunne ɗaya a buɗe. Kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar salularsa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, kuma ya riƙa hutar da kunnen. Idan lokacin salla ya gabato ya cire. Wanda kuma Allah Ya hore wa kuɗin da zai sa a auna kunnensa, ya tuna cewa wannan hikima ta ɗaukar siffar kunne an daɗe ana amfani da ita wajen yi wa masu raunin ji na'urar da ke taimaka musu. A cikin danginsa ko unguwarsa ba za a rasa tsohon da ya daina zuwa majalisi ba saboda ba ya jin abin da ake faɗa, ko yaron da aka ɗauka daƙiƙi ne a lakkol alhali kunnensa ne ke ciwo. Kai irin waɗannan wurin likita ya fi cancanta da wannan dukiya.

Muna roƙon Allah Ya kiyaye mana jinmu da ganinmu muddin ranmu, Ya sa mu yi amfani da su cikin abin da Ya yarda da shi, Ya shiryi zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.