Karon Farko a Kan Kayan Wani

Cikin hunturu na fara ɗaura madabod a akwatin kwamfuta da hannuna, kuma kayan ba nawa ba ne. Na wata Hajiya ne mai shagon buga takardu a unguwarmu, wadda ta yi ta tara kuɗi tana sayo kayan ɗaya bayan ɗaya. Maigidana a shagon gyara ya yi tafiya. Ta dube ni ta ce, "Yaro, za ka iya kuwa?" Na ce, "Sosai ma, Hajiya." A ganina na lokacin ban yi ƙarya ba, don na sha ganin ana yi. Abin da na haɗiye shi ne ban taɓa yi da kaina ba.

A ido aikin ba wuya. Madabod shi ne babban faifan da sauran kayan kwamfuta ke hawa kansa. Tun da kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX a 1995, ramukan notinsa da na akwati suke dacewa, kuma cikakkensa yakan zo da rami 9. Ana fara danna siririn ƙarfen nan na bayan akwati, inda kafofin USB ke leƙowa. In ka manta shi, sai ka kwance komai. Sai a ɗaura 'yan ƙafafun tagulla masu ɗaga madabod don kada bayansa ya taɓa ƙarfen akwati. Ƙafa ɗaya da ta tsaya inda babu rami tana iya haɗa wuta ta ƙone shi. Duk wannan na kiyaye, sau uku na ƙirga.

Abin da ya kuɓuce mini ba ya ganuwa. Duk wanda ya taɓa cire rigar sanyi cikin duhu da hunturu ya ga tartsatsi, ya san lantarkin da ke taruwa a jikin mutum idan iska ta bushe. Maigidana kullum sai ya dafa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki madabod, kuma ta gefe yake riƙe shi. Ni na zaci ɗabi'arsa ce kawai. Ina kai hannu na ji ɗan "tas" a yatsa. Na tsaya, na dubi ƙofa, na ci gaba. Da na kunna, fanka ta juya, sikirin ya kawo, Hajiya ta sa mini albarka ta biya ni.

Bayan wata uku kwamfutar ta mutu. Irin wannan tartsatsi yana iya raunana kaya bai kashe shi nan take ba, sai daga baya. Amma wutar unguwarmu ma hawa da sauka take yi, ga ƙura, ga zafi. Babu mai iya rantsuwa a kan musabbabin, har ni. Kuma ba wanda ya zarge ni.

Na daɗe ina kare kaina, kuma hujjata ba ta banza ba ce. Da koyo akan iya. Tela ya fara yanka a kan yadin wani, wanzami a kan ƙeyar wani, direba da ran wani a bayan mota. Da kowa zai ce sai gwani, da gwanaye sun ƙare. In kuwa na faɗa wa Hajiya gaskiya ta ɗauke kayanta, yaushe zan koya?

Sai dai hujjar tana da rami. Yaron tela yana yanka ne maigidansa na tsaye, in ya ɓata yadi akwai mai biya. Mai kaya ma ya san shagon akwai masu koyo, ya shigo da saninsa. Ni ba wanda ya tsaya mini, don haka asarar da koyona zai iya jawowa na ɗora ta a kan matar da ba ta san ta ɗauka ba. Ko da kwamfutar ta shekara goma tana aiki, na riga na yanke mata hukunci a kan dukiyarta ban tambaye ta ba. Sa'a ce kawai da za ta rufa mini asiri. Abin da ya fi damuna ma shi ne dubawar nan da na yi wa ƙofa. Wanda bai san ya yi wani abu ba, me zai sa ya duba ko ana ganinsa?

Sai da aka shekara na iya zuwa na faɗa mata, har da maganar "tas" ɗin, na ce zan riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ta yi shiru tana jera takardu, sannan ta ce kuɗin ta yafe, tunda ni ma ban tabbata ba.

"Amma da ka faɗa mini ran nan, ɗana, da wataƙila na ce ka yi. Sai dai da na jawo kujera na zauna kusa da kai."