Maganin da aka gano a jami'a, na wane ne?

 

Ranar Asabar bayan karatun Asuba wani matashi ya tsare ni a bakin masallaci. Malami ne a sashen haɗa magunguna na ɗaya daga cikin jami'o'inmu, a Kawo iyayensa suke. Ya ce: "Malam, shekara huɗu ina aiki a kan wani ganye, kuma alamu sun fara kyau. Yanzu ofishin jami'a ya ce in kawo a yi wa abin rajista, a nemo kamfanin da zai sayi lasisi. Ni zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan ba ɓoye ilimi ba ne? Kada in je in sayar da lahirata." Na ce masa ya ba ni kwana biyu, don tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ga abin da na tattaro, na sa shi a nan saboda na san ba shi kaɗai ba ne.

Mu fara da fahimtar abin, don hukunci ba ya hawa kan abin da ba a gane ba. Idan mutum ya ƙirƙiro magani ko na'ura, hukuma tana ba shi takardar mallakar ƙirƙira. A Najeriya, ƙarƙashin dokar 1970, takardar tana aiki shekara 20. A cikin wannan lokaci babu mai haɗa abin ya sayar sai da izininsa, izinin nan shi ne lasisi. Amma akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba: ba a ba ka takardar sai ka rubuta yadda abin yake dalla-dalla, an ajiye inda kowa zai iya karantawa. Ashe ke nan rajista bayyana ilimi ce. Abin da aka hana shi ne cin kasuwarsa na wani lokaci. Gargaɗin da ya zo a hadisi kan wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye, ni a ganina ya fi kusa da tsohon mai maganin da ya san saiwar da ke warkarwa, ya ƙi gaya wa ko ɗan cikinsa, har aka binne shi da ita. Mun yi irin wannan asarar ba sau ɗaya ba a ƙasar Hausa.

Karɓar lada a kan magani kuwa ba sabon abu ba ne. Annabi (SAW) ya yi ƙaho wurin Abu Ɗaiba ya biya shi. Sahabban da suka yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha suka karɓi garken tumaki, bai hana su ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, ba ya halatta a ci ta. Akwai malaman da suka saɓa, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce, amma a nan mafi yawan malaman zamani suka tsaya. Saboda haka a wannan gaɓar na ce wa ɗan'uwana ya kwantar da hankalinsa.

To amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Halaccin takardar daban, abin da za a yi da ita daban. Bari in ba ku labarin da ya faru a gida.

Babu unguwa a Kaduna da ba ta da gidan da ake fama da sikila. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibitin Barau Dikko ya san kukan yaron da ƙashi ke sara. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, wato NIPRD, a zamanin shugabancin Farfesa Charles Wambebe, ta ɗauki wani haɗin gargajiya daga hannun Rabaran Paul Ogunyale ta yi bincike a kansa. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a wajenmu: masoro, kanumfari, karan dafi, da wani itace ɗan'uwan madobiya. Aka sa masa suna Niprisan, aka samu takardar mallakarsa a Amurka a 1998. Gwajin da aka buga a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisi shi kaɗai, ba abokin tarayya. A 2006 aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye, a 2009 aka janye lasisin, maganin ya yi ɓatan dabo a kasuwa. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker.

Ku ƙirga shekarun nan. Ilimin yana nan a rubuce, kanumfari da masoro suna nan a Kasuwar Sheikh Gumi, yara suna nan suna kuka, amma igiyar gugar a hannun mutum ɗaya aka danƙa, da ya faɗi sai ta faɗi da shi. Ba na zargin niyyar kowa. Cibiyar gwamnati ba ta da masana'anta, dole ta nemi mai kuɗi, mai kuɗi kuma ba zai zuba miliyoyi ba sai an ba shi tabbacin wani ba zai zo ya girbe gonarsa ba. Wannan uzuri ne na gaskiya. Sai dai uzurin bai rage wa uwar yaron daren da ta kwana a zaune ba.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan ihtikari, wato riƙe kaya har mutane su takura. Imamu Malik bai taƙaita shi ga abinci ba, ya faɗaɗa shi ga duk abin da riƙe shi ke cutar da jama'a. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun ce idan mutane suka matsu ga abin da ke hannun wasu, hukuma tana da ikon tilasta musu sayarwa a kan farashin adalci. Idan haka ne a kan hatsi da tufafi, to magani fa? Ko dokokin duniya sun gane haka: sanarwar Doha ta 2001 ta tabbatar wa ƙasashe damar ba da lasisin dole idan lafiyar jama'a ta buƙata.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci jami'a. Ɗan kasuwa da kuɗinsa ya yi bincike. Jami'ar gwamnati kuwa, albashin malamin, ginin ɗakin gwajin, tallafin TETFund, duk daga baitulmali suka fito. Saboda haka shugaban jami'ar da ke sa hannu a kan lasisi wakili ne, kuma sananniyar ƙa'ida ce a fiƙihu cewa wanda aka ɗora wa al'amarin jama'a, duk abin da zai zartar a ɗaure yake da maslaharsu. Ba shi da ikon cewa wanda ya fi taya wa shi za a ba, a rufe magana. Tambayarsa ta farko ita ce: a wane hannu maganin zai fi saurin isa ga mara lafiya, kuma a kan nawa?

Turawa ma sun sha wannan gardamar. Maganin ƙanjamau da ake kira stavudine, a Jami'ar Yale aka gano amfaninsa, ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisi shi kaɗai. A 2001, lokacin da mutane ke mutuwa a Afirka ta Kudu saboda tsadarsa, ɗaliban jami'ar da ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka taso, har shi Farfesa William Prusoff da ya yi binciken ya goya musu baya. Kamfanin ya sassauta, farashin ya faɗi warwas. A ɗaya gefen, Jami'ar Stanford ta mallaki fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta ta Cohen da Boyer, wadda kayan aiki ce da kusan kowane ɗakin bincike ke buƙata. Ba ta keɓe ta ga kowa ba, ta ba kamfanoni fiye da 400 lasisi, kuma ta samu sama da dala miliyan 250. Kun ga buɗe ƙofa bai hana ta riba ba. Kayan aikin bincike musamman, ni ban ga hujjar kulle su ba, don kamar mutum ne ya mallaki fartanya ya hana sauran manoma.

Kada kuma wani ya ce to a bar shi kyauta kawai, shi ne tsoron Allah. A 1923 waɗanda suka gano allurar ciwon suga, Banting da Best da Collip, sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinsu a kan dala ɗaya kowanne. Bayan kusan shekara ɗari, a Amurka ana samun masu tsimin allurar saboda tsada. Sannan abin da ka bari ba rajista, wani yana iya ɗan sauya masa kama ya yi rajistar a ƙasarsa, ka dawo kana saye a hannunsa.

Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, a nan wurinmu ba tsadar lasisi ce ta fi kashe bincike ba, ƙura da gara ne. Kundin digiri nawa ne ke jibge a ABU Zariya da KASU a kan ganyayenmu? Ga cibiyar binciken sammore a nan Unguwar Rimi tun zamanin Turawa. Marigayi Farfesa Andrew Nok na ABU ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 a kan wannan cutar. Mu tambayi kanmu, attajiranmu nawa ne suka taɓa taka ƙafa can suka ce me kuka gano? Maganin da ya mutu a kan kanta, shi ma an hana shi ga mabuƙaci, ko da ba wanda ya kulle shi.

A nan nake tuna rijiyar Ruma. Mai ita yana sayar da ruwa a Madina, Annabi (SAW) bai ƙwace ba, kwaɗaitarwa ya yi, Sayyidina Usman (RA) ya saya ya mai da ita waƙafi. An biya mai haƙƙi haƙƙinsa, jama'a sun sha. Muna gina masallaci kusa da masallaci a Malali da Unguwar Sarki, Allah ya ba da lada, amma me zai hana mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi lasisin magani ɗaya, su ɗauki nauyin gwajinsa har ya samu lambar NAFDAC, su yi waƙafinsa?

Ɗan'uwana ya dawo ranar Litinin. Na ce masa ya yi rajistar, kuma kasonsa halal ne. Amma kafin a sa hannu ya zauna da lauyan jami'a ya nace a kan abubuwa. Idan dole sai an ba kamfani ɗaya, a sa wa'adi, in bai fitar da maganin ba lasisin ya dawo. A rubuta farashin da asibitin gwamnati zai saya. A bar wa sauran masu bincike damar aiki da shi. Sai na tambaye shi wa ya fara nuna masa ganyen. Ya yi shiru, sannan ya ce wata tsohuwa ce a garin kakanninsa, tana nan da rai. Na ce to sunanta da kasonta su shiga takardar kafin naka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.