Tsakanin Miji da Mata Sai Allah?

Akwai wata magana da duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sha jinta, watau wai tsakanin miji da mata sai Allah. Magana ce mai hikima, domin sau da yawa za ka ga ma'aurata sun saɓa da hantsi, kafin la'asar sun shirya, wanda ya tsoma baki shi za a bari da jin kunya. Amma fa akan jawo wannan magana a wurare biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba. Akan faɗe ta in an ji miji da mata suna cacar baki a kan kuɗin cefane, akan kuma faɗe ta in an jiyo ƙarar mari da kukan mace ta bayan katanga. Tambayar da nake so mu duba a wannan ɗan rubutu ita ce, shin mutumin da ya ji na biyun, ya ja bargo ya koma barci, ya fita haƙƙi, ko kuwa yana da kaso a cikin laifin? Abin da ya jawo ni ga wannan tambaya wani wasan kwaikwayo ne na talabijin da aka nuna a Afirka ta Kudu a 1999, saboda haka sai mai karatu ya biyo ni mu fara leƙawa can.

Sunan wasan Soul City. Wasu likitoci biyu ne, Garth Japhet da Shereen Usdin, suka kafa ƙungiyar da ta riƙa shirya shi, aka fara nuna shi a 1994, shekarar da ƙasar ta yi zaɓenta na farko bayan mulkin wariyar launin fata. Manufarsu ita ce su saka ilmin kiwon lafiya a cikin labari mai daɗi, yadda mutum zai sha magani ba tare da ya ji ɗacinsa ba. Labarin yana gudana ne a wata unguwar baƙar fata ta ƙage, a kewayen wani ɗakin shan magani da ake kira Masakhane. A zagaye na huɗu, wanda aka nuna a 1999 cikin kashi 13, sai suka ɗauko maganar dukan mata a gidan aure. Ba su tsaya ga talabijin kaɗai ba, har da rediyo cikin harsuna 9 na ƙasar, da ƙananan littattafai da aka rarraba wa jama'a.

Matar da labarin ya ginu a kanta sunanta Matlakala, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce. Mijinta Thabang malamin makaranta ne, mutum mai kwarjini a idon unguwa. A nan ma mawallafan sun yi dabara, domin da sun kawo mashayi jahili, da kowane mai kallo ya ce ai ni ba haka nake ba. Sai suka kawo mutumin da ake gaisarwa da girmamawa a hanya, wanda in ya rufe ƙofa yakan zama wani abu dabam. Da abin ya ishi Matlakala ta kai kuka gida, sai mahaifiyarta ta ba ta shawara da kalma ɗaya ta harshen Zulu, wato bekezela, ma'anarta a daure, a jure, domin riƙon aure aikin mace ne. Mahaifin Thabang kuma ya goyi bayan ɗansa, bisa cewa al'ada ta yarda miji ya hori matarsa. Maƙwabta suna ji, kowa ya kama bakinsa. Ana nan, ran nan da duka ya sake tashi, sai maƙwabtan suka fito, suka taru a ƙofar gidan, kowa da tukunyarsa a hannu, suka yi ta bugawa. Ba su fasa ƙofa ba, ba su taɓa Thabang ba. Daga baya Matlakala ta nemi kariyar doka.

To, duk Bahaushen da ya ji kalmar bekezela ya san ƙanwarta a harshenmu. Haƙuri ke nan. Shi ake yi wa amarya guzuri ranar da za a kai ta, shi kuma ake mayar da ita da shi in ta yi yaji. Ni ba na cikin masu raina haƙuri. Mutanen da suka ce mahaƙurci mawadaci ba su yi ƙarya ba, kuma babu zaman tare da zai kai shekara ba tare da shi ba, tun da harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sai dai ya kamata mu rarrabe. Akwai haƙuri a kan abin da babu mai ikon kawar da shi, kamar mutuwa da ciwo da fari. Akwai haƙuri a kan ajizanci irin na ɗan Adam, kamar saurin fushi da mantuwa da ƙarancin abin hannu. Waɗannan biyu ado ne ga mai su. Na ukun shi ne wanda ake ɗora wa mutum a kan cutar da wani yake yi masa da gangan, alhali akwai masu ikon hanawa suna tsaye suna kallo. Wannan sunansa kawai ya ara. Idan mutum biyu suna gabanka, ɗaya yana duka ɗaya yana shan duka, ka juya ga mai shan dukan ka ce ya yi haƙuri, ba ka ce wa mai dukan kome ba, to ka riga ka yanke hukunci, ka kuwa yanke shi ne don amfanin mai ƙarfi. Abin mamaki, shi Thabang ne ya fi kowa bukatar a koya masa haƙuri, domin shi ne ya kasa riƙe hannunsa, amma ba shi aka yi wa wa'azin ba.

Mahaifiyar Matlakala ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya sa wasan ya yi nauyi. Abin da aka gaya mata tana yarinya shi ta maimaita, tana tsoron kada 'yarta ta zama abin nuni a gari, tana tsoron makomar yara. Ga shi kuwa hujjar nan ta a zauna saboda yara ita ce ta fi kowace rauni in an auna ta. Yaro ba ya bukatar a taɓa jikinsa kafin dukan ya same shi. Yana kwance a ɗaki yana jin kome, da safe ya ga fuskar uwarsa a kumbure, ya ji an ce ƙofa ce ta buge ta, ya kuma ga manya sun yarda da wannan ƙarya. Darasi biyu ya ɗauka ke nan tun bai je makaranta ba, na farko cewa mai ƙarfi yakan biya bukatarsa da hannu, na biyu cewa mutanen kirki sukan kau da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa yaron da ya tashi yana ganin irin wannan ya fi zama cikin haɗarin aikata shi, ko a aikata masa, in ya girma. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita dai wannan hukuma ta ƙiyasta a 2021 cewa kimanin mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa gamuwa da duka ko cin zarafi irin na lalata a rayuwarta, kuma mafi yawansa daga hannun miji ne ko abokin zama. Abin da ya kai wannan yawa ya wuce a kira shi sirrin gida ɗaya.

Yanzu sai mu komo ga maƙwabci. Hujjarsa ta yin shiru ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ban san mafarin rigimar ba. Zai ce gida yana da alfarma, in kowa zai riƙa kutsa kai cikin gidan kowa, zaman unguwa ya lalace. Zai ce gobe su shirya su bar ni da baƙin jini, na yi shiga sharo ba shanu. Duk na yarda akwai gaskiya a ciki. Amma ina so a lura da abu ɗaya. Alfarmar gida an yi ta ne don ta kāre mutanen da ke cikinsa. Katanga ana gina ta don ta tsare na ciki daga ɓarawo da idon baƙo. Ran da ta zama ita ce ke tsare mai cuta daga masu ceto, ta bar aikin da aka gina ta dominsa. Da wuta ce ta kama ɗakin nan, babu wanda zai tsaya tambayar wa ya kunna ashana kafin ya ɗebo ruwa, babu kuma wanda zai ce sai an yi masa iso. Game da rashin sanin mafari kuwa, ba a nemi maƙwabci ya zama alƙali ba. Ko da matar ce ta fara tsokana, wannan magana ce ta gobe da safe, a gaban manya. Abin da ke gabansa a daren shi ne a daina dukan.

Har ila yau, shirun maƙwabci ba ya tsayawa a ɗakinsa. Mai dukan ya san ana jinsa, domin ya san kaurin bangonsa. In ya fito da safe aka gaishe shi kamar kullum, aka matsa masa wuri a kan tabarma, ya fahimci cewa unguwa ta amince. Matar ita ma ta san an ji, ta kuma fahimci cewa ba mai zuwa. Ashe ke nan shirun ya isar da saƙo biyu, ya ƙarfafa ɗaya ya karya ɗaya. Wannan shi ya sa nake ganin mai jan bargo yana da kasonsa, ko da bai kai na mai hannu ba.

A nan ne hikimar tukwane take. Mawallafan sun gane cewa yawancin masu shiru ba mugaye ba ne, hanya ce ba su gani ba. Suna zaton abu biyu ne kawai, ko ka fasa ƙofa ka yi dambe da mai gida, ko ka yi kamar ba ka ji ba. Wasan ya nuna musu ta uku. Buga tukunya ba ya keta alfarmar gida, tun da ba wanda ya shiga. Ba ya bukatar ƙarfi, tsohuwa ma tana iyawa. Ba ya ɗora haɗarin a kan mutum ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da yake yi kawai shi ne ya sanar da na ciki cewa an ji, kuma ba a yarda ba. Ga shi kuma tukunya kayan ɗakin mace ce, abin da aka saba gani a madafa, sai ga ta a ƙofar gida tana magana a madadin mai ita. Bayan an nuna wasan an ba da labarin unguwannin da mutane suka kwaikwayi abin, har a wata mashaya a Thembisa, inda masu zama suka yi ta buga kwalabe da suka ga wani yana dukan budurwarsa. A Indiya ma, a 2008, wata ƙungiya mai suna Breakthrough ta yi irin wannan kira a talabijin da sunan Bell Bajao, watau buga ƙararrawa, inda ake nuna maƙwabci ya danna ƙararrawar ƙofa da wani ɗan uzuri don ya katse dukan.

Kada kuwa a ɗauka na ce ƙarar tukunya ta warkar da ciwon. Akwai mijin da kunyar za ta ƙara tunzura shi, ya huce a kan matar in jama'a sun watse. Akwai matar da ko ta so fita ba ta da wurin zuwa, ba ta da abin ciyar da 'ya'ya. Masu Soul City sun san haka, shi ya sa ba su tsaya ga labari ba. Sun haɗa kai da gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da cin zarafin mata, aka buɗe lambar tarho ta kyauta don masu neman taimako, suka kuma matsa wa gwamnati ta fara aiki da dokar hana cin zarafi a gida wadda aka kafa a 1998. Dokar ta fara aiki a Disamba 1999. Ta ba wanda ake cuta damar karɓo takardar kariya daga kotun majistare, ta kuma wajabta wa 'yan sanda taimaka masa. Gyaran da aka yi mata na 2021 ya ƙara da cewa duk baligin da ya san ana cin zarafin yaro ko tsoho ko naƙasasshe a gida, dole ne ya kai rahoto. A Nijeriya ma an sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda ta fara da Abuja, aka bar wa jihohi su karɓa. Amma doka tana ofis, dare kuwa yana unguwa. Kafin takarda ta fito daga kotu, wanda ke kusa shi ne na bayan katanga.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, ni dai ga inda na tsaya. Karin maganar nan ta tsakanin miji da mata a bar ta a wurinta, watau wurin saɓani da cacar baki da fushin da ba ya kwana. Da zarar hannu ya tashi, maganar ta fita daga tsakanin mutum biyu, ta shafi yaran da ke kwance suna ji, ta shafi iyayen da za a kai wa ƙara, ta shafi duk wanda sautin ya kai kunnensa. Yawancinmu nan da 'yan shekaru za mu zama masu gida da matan gida, wasu su zama iyayen da 'ya za ta zo wa da kuka, dukanmu kuwa maƙwabtan wani ne. Ba lalle sai mun ɗauki tukunya ba, kowace unguwa da irin tata dabarar. Wani sallama zai yi da ƙarfi a ƙofa, wani zai taso mai unguwa, wata za ta buɗe wa matar ɗakinta ta kwana. In kuma za a ba da haƙuri, to a fara da wanda ya ɗaga hannu.