Baƙo Ne Ko Ɗan Kallo?

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan ɗan rubutu ita ce: idan mutum ya biya kuɗi ya shiga wurin da wasu suke girmamawa, ko wurin da aka adana baƙin cikinsu, me kuɗin nan ya saya masa? Shin ya zama mai ciniki wanda zai yi yadda ya ga dama da abin da ya saya, ko kuwa har yanzu baƙo ne a gidan mutane? Don kada maganar ta tsaya a iska, zan kafa ta a kan tsohuwar unguwar Yahudawa ta Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, wadda na zaga cikin ayarin masu yawon buɗe ido, jagora na gaba muna biye.

Wurare uku ne suka shafi maganarmu. Na farko wata majami'a ce da aka gina wajen shekarar 1270, wadda har yau ake ibada a cikinta. Na biyu tsohuwar maƙabarta, inda dutsen kabari mafi daɗewa yake ɗauke da shekarar 1439, aka kuma daina binnewa a 1787. Duwatsun da ke ciki sun kai kimanin 12,000, sun cunkushe, wasu sun jingina da wasu. Dalili kuwa, addininsu ya hana tone kabari, filin kuma ya yi musu kaɗan, sai suka riƙa kawo ƙasa suna zubawa, suna binne mamaci bisa mamaci. Na uku majami'ar Pinkas, wadda aka rubuta wa bangonta sunayen Yahudawan yankunan Bohemiya da Morabiya kimanin 78,000 waɗanda 'yan Nazi suka hallaka, gari gari, gida gida. A saman bene akwai zane-zanen yaran da aka tsare a Terezin. Malamarsu, Friedl Dicker-Brandeis, an kashe ta a Aushwits a 1944, galibin yaran ma ba su tsira ba.

To, ga inda gizo yake saƙa. Tikiti na sa mutum ya ji yana bin wurin bashi. Ayari kuma na da tasa ɗabi'ar: jagora na duban agogo, na baya na tura na gaba, wannan na neman inda hoto zai yi kyau, wancan na tambayar lokacin cin abinci. Babu mugu a cikinmu, amma kowa na ganin tun da saura suna yi, ai ba laifi. Haka nauyi yake narkewa a cikin taro.

A ganina, tikiti izinin shiga kawai ya saya. Bahaushe ya san bambancin mai zuwa kallo da mai zuwa gaisuwa. Wanda ya je dandali ya biya kuɗin ƙofa, yana da damar yin shewa. Wanda ya je gidan makoki kuwa, ko daga wace uwa duniya ya taso, ko nawa ya kashe a mota, zai sassauta murya, ya zauna inda aka nuna masa. Nisan tafiya da yawan kuɗi ba su mai da makoki biki. Shi ya sa da aka miƙa wa mazanmu 'yar hular da ake rufe kai da ita, ban ɗauki abin a matsayin shiga addinin wani ba. Ladabi ne na baƙo, irin wanda muke nema ga duk wanda ya zo ƙofarmu.

Akwai abin da ya ƙara wa wannan wuri nauyi. A ko'ina, idon mai gida ne yake tsare baƙo. A nan kuwa, yawancin masu gidan su ne sunayen da ke bango. Kayan ibadar da ake nunawa, da yawansu an tattaro su ne a Firag tun daga 1942, daga garuruwan da ake kwashe mutanensu. Idan babu mai tsawatarwa, a nan ake gane ko ladabin mutum nasa ne ko na tsoron ido.

Wani zai ce, to ai gara kada a je. Ban yarda ba. Kuɗin masu ziyara na taimakawa wajen gyaran gine-ginen, mantuwa kuma ita ce babbar barazana. An rubuta sunayen nan a shekarun 1950, aka rufe majami'ar a 1968, sunayen suka gushe daga bango, sai bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989 aka sake rubuta su da hannu. Abin da aka taɓa gogewa yana bukatar shaidu, kuma gani ya kori ji.

Wani kuma zai kawo maganar Falasɗinu, ya ce don me zai tausaya. Ina ganin adalci bai yarda a ɗora wa wani kayan wani ba. Yaron da ya zana gidansu a Terezin ya mutu tun kafin a kafa Isra'ila a 1948. Wanda yake ƙin zalunci don zalunci ne, ba zai tsaya tambayar ƙabilar wanda aka zalunta ba kafin zuciyarsa ta motsa.

Saboda haka, abin da nake ganin ya wajaba a kan mai irin wannan ziyara kaɗan ne. Ya karanta tarihin wurin kafin ya je. Ya bi dokar masu wurin. Ya yi tambaya don neman sani, ba don gardama ba. Idan kuma ya isa gaban bangon nan, ya bar ayari ya ɗan yi gaba, ya tsaya ya karanta ko da suna ɗaya ne, da ranar haihuwar mai shi. Wannan shi ne ra'ayina, 'yan'uwa ɗalibai da malamaina, kuma fili a buɗe yake ga mai ganin akasin haka.