Shuka Abin Da Zai Jure Bazara

Karatun yau: Irmiya 17:5-8, Markus 4:3-9
Ayar haddacewa: Irmiya 17:7

A daminar bara iyayenmu na zumuntar mata suka haɗa kuɗi domin su ƙawata harabar majami'a. Aka aiki mutum biyu Sakkwato wurin masu sayar da dashen fulawa a bakin titi. Suka zaɓo waɗanda suka fi ɗaukar ido, masu faɗin ganye da manyan furanni, aka jera su a bakin ƙofa. Cikin watan Agusta duk wanda ya zo sujada sai ya tsaya ya duba. Hunturu ya zo ya kakkaɓe ganyen. Da aka shiga Afrilu, ruwa ya yi wuya, jarka ta yi tsada, sai ga tukwane cike da busassun itatuwa. Abu ɗaya ya rage da rai: lallen da wata tsohuwa ta dasa a bayan ɗakin addu'a, wanda ba a kashe masa ko kwabo ba.

Duk wanda ya zauna a Bodinga ko Shagari ya san halin ƙasarmu. Ruwan sama yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin sai hazo da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. Saboda haka mai hikima idan ya je sayen dashe, tambaya biyu yake yi kafin ya dubi launi: wannan zai kai wata damina? In ya kai, me zai ba ni?

Lalle ya amsa duka biyun. Da zarar ya kama ƙasa yana jure ƙishi, ƙananan furanninsa suna ƙamshi, ganyensa kuma amare ke nema. Waƙar Waƙoƙi 1:14 ma ta ambaci furensa a En-gedi, wani wuri mai maɓuɓɓugar ruwa a hamada kusa da Tekun Gishiri. Haka rumman: yana son a kula da shi da ruwa a shekarun farko, daga baya ya ba ka jan fure, ya ba ka 'ya'ya. Shi ne Allah ya umarta a yi siffarsa a gefen rigar babban firist (Fitowa 28:33-34). Akwai bogenbiliya, mai ƙaya ɗin nan da muke gani bisa katangun gidaje a Sakkwato. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. In ka cika mata ruwa da taki, ganye za ta yi ta yi. In ta ɗan ɗanɗani ƙishi, sai ta lulluɓe katanga da launi. Sannan akwai ƙarya, mai kumburarren gindi inda take ajiye ruwa. Tana fure mai kyau a tsakiyar rani, amma ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Da ita Bahaushe ya yi karin magana ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Wani abu kuma da masu lambu suka sani: shukar da ake yayyafa wa ruwa kaɗan-kaɗan kullum, saiwarta a sama take tsayawa, domin a nan take samun abin sha. Ranar da aka fasa yayyafin, rana ta gama da ita. Wadda ake ba ruwa ya ratsa ƙasa sosai, a bar ta kwana biyu ko uku, dole saiwarta ta bi laima zuwa ƙasa, inda zafi ba ya kai wa.

Da irin wannan misalin Ubangiji ya yi magana ta bakin annabi Irmiya. Ya nuna mana mutum biyu. Na farko ya jingina rayuwarsa ga ɗan Adam, sai aka kwatanta shi da ɗan tsiron da ke tsaye a ƙeƙasasshiyar ƙasa. Na biyu ya dogara ga Ubangiji, aka kwatanta shi da itacen da ya kai saiwarsa ga ruwa. Ɗan'uwa, ka lura da kyau: Allah bai yi wa na biyun alkawarin cewa zafi ba zai same shi ba. An ambaci zafi, an ambaci shekarar fari. Rana ɗaya ce ke dukan su biyun. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Yesu ma ya faɗi haka game da irin da ya faɗa a kan dutse: ya riga sauran tsirowa, ya kuma riga su bushewa, domin ba shi da saiwa.

Mu tambayi kanmu da gaskiya. A taron farfaɗowa na ƙarshe mutum nawa suka fito gaba da hawaye? Nawa ne daga cikinsu ke zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki yau? Muna godiya ga Allah domin ruwan Ruhu da ke zubowa a manyan taruka, damina ce mai albarka. Amma damina wata huɗu ce. Bazarar mai bi tana zuwa ne lokacin da albashi ya makara, ko aka yi maka canjin wurin aiki zuwa garin da ba ka san kowa ba, ko dangi suka juya maka baya saboda bangaskiyarka, ko kika shekara bakwai kina roƙon haihuwa shiru.

Wani ɗan'uwa da aiki ya kawo shi nan ya ce mini, "Fasto, tun da na zo garin nan na bushe. A inda na fito muna da mawaƙa arba'in, nan mu nawa ne?" Na tambaye shi yaushe rabonsa da ya buɗe Littafinsa shi kaɗai a ɗaki. Ya yi shiru. Shekaru ya yi yana rayuwa da yayyafin wasu. Na ce masa mai yiwuwa Allah ya janye yayyafin ne domin saiwarsa ta sauka. Yau shi ke buɗe majami'a domin addu'ar asuba.

Kai ma kullum kana dasa wani abu a rayuwarka: abokin da kake zama da shi, wadda kake nema da aure, sana'ar da ka zuba jarinka, mai wa'azin da kake saurara a waya. Yi musu tambayoyin nan biyu. Zai tsaya idan aljihu ya bushe? Me yake haifarwa a cikina? Wa'azin da ke sa ka tsalle amma bai hana ka ha'inci a mudu ba, furen ƙarya ne. 'Ya'yan da Ruhu ke nema an lissafta su a Galatiyawa 5:22-23, kuma maƙwabcinka ne zai fara ɗanɗana su kafin fastonka.

Idan ka bi hanyar Shagari cikin rani, dubi gawo a tsakiyar gonaki. Lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe, shi kuwa kore shar yake, makiyaya na hutawa a inuwarsa, dabbobi na cin 'ya'yansa. Saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa tun kafin kowa ya san da shi. Haka Ubangiji yake so a gan ka a Bodinga.

Aikin yau: Keɓe minti 30 kai da Allah kaɗai, waya a kashe. Karanta Irmiya 17:5-8 sau uku, ka rubuta abu ɗaya da kake dogara gare shi fiye da Ubangiji.

Addu'a:
1. Ya Uba, ka gafarta mini inda na dogara ga mutum na bar ka.
2. Ruhu Mai Tsarki, ka kai saiwata zurfi cikin Maganarka.
3. Duk abin da na dasa a rayuwata mai fure ba 'ya'ya, ka tumɓuke shi cikin sunan Yesu.
4. Ka ƙarfafa 'yan'uwa da ke cikin bazara a yanzu, kada ko ɗaya ya bushe.

Furci: Ubangiji ne ya dasa ni a inda nake. Zan tsaya cikin zafi, zan ba da 'ya'ya cikin fari, cikin sunan Yesu. Amin.