Nawa Ne Kuɗin Doki Ɗaya?

Masu sha'awar motoci masu gudu suna da wani lissafi da suke yi idan gardama ta kaure a tsakaninsu. Sai su ɗauki farashin mota su raba shi da yawan ƙarfin dokin da injinta ke bayarwa, abin da ya fito shi ne kuɗin doki ɗaya. Motar da dokinta ya fi araha ita ta ci gasa. Lissafin yana da daɗi, domin yana dunƙule doguwar gardama ta koma lamba guda. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ma haka muke yi idan muna gwada na'ura da na'ura. Amma akwai tambayar da lissafin ba ya amsawa, kuma ita nake so mu duba: idan inji ya ba da ƙarfi mai yawa a kan kuɗi kaɗan, shin araha ya yi da gaske, ko kuwa wani ne daban aka tura wa cikon kuɗin?

Ma'aunin kansa a kasuwa aka haife shi. A ƙarshen ƙarni na 18, James Watt, mutumin Sikotlan, yana son sayar da injin tururi ga mutanen da suka saba sa dawakai su ja musu ruwa daga ramukan ma'adinai ko su juya musu dutsen niƙa. Sai ya auna aikin da doki ke yi, domin ya iya ce wa mai saye, injin nan zai tsaya maka a madadin dawakai kaza. Doki ɗaya a wannan ma'auni ya kai wat 746. Tun daga ranar farko ke nan, lambar tana magana ne da mai saye, kuma har yau da shi kaɗai take magana.

Bari mu jera injuna biyu. A shekarar 2005 kamfanin Bugatti, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Volkswagen, ya fito da Veyron. Injinta lita 8 ne, silinda 16, da turbo huɗu masu cusa masa iska da ƙarfi. Yana ba da doki 1,001 a ma'aunin Turai, kuma motar tana kaiwa kilomita 407 a awa. Farashinta ya haura dala miliyan ɗaya. Kusan shekara goma bayan haka, kamfanin Dodge na Amurka ya sa Challenger Hellcat a kasuwa, mai injin lita 6.2, silinda 8, doki 707, a kan kusan dala 60,000. Idan aka yi rabon nan, dokin Hellcat bai kai dala 90 ba, na Veyron kuwa ya wuce dala 1,000. Ninki goma da ɗoriya ke nan.

Me ya sa tazarar ta kai haka? Akwai suna da ƙawa a ciki, babu musu. Amma babban dalilin yana cikin iska. Ƙarfin da mota ke buƙata don ta keta iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake buƙata zai ninka sau takwas. Matsakaiciyar mota da ke tafiyar kilomita 100 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi, doki 20 zuwa 30 sun ishe ta. Ita kanta Veyron, ƙasa da doki 300 za su kai ta kilomita 250 a awa. Sauran ɗari bakwai ɗin duk don ragowar gudun aka yi su. Sannan injin fetur kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya ƙona yake mayarwa motsi, sauran zafi ne, shi ya sa aka sa wa Veyron lagireto goma. Idan direba ya take totur har ƙasa, tankinta mai lita 100 zai ƙare cikin kimanin minti 12.

Darasin farko ke nan: dokin ƙarshe shi ne mafi tsada, kuma shi ne wanda ba a cika hawa ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sa manhaja ta ƙara sauri ya san wannan. Gyaran farko yakan ɗauki yini guda ya rage rabin jinkirin. Na ƙarshe yakan ci wata uku, kuma mai riƙe da waya ba zai ma lura da shi ba.

To, mu ce Hellcat ta ci gasa, gardama ta ƙare? Ai lissafin gida biyu kawai gare shi, ƙarfi da farashi. Farashi kuwa shi ne kason da ya faɗa aljihun mai saye a ranar ciniki. Akwai masu biyan kuɗi guda uku da ba a rubuta sunansu a takardar ciniki ba.

Na farko shi ne injin kansa. Motocin tseren gajeren zango na Amurka, waɗanda ake kira Top Fuel, suna ba da ƙarfin doki wajen 11,000, suna cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Amma da zarar sun tsaya, kanikawa za su kwance injin gaba ɗaya su sake haɗa shi kafin zagaye na gaba. Ka gwada wannan da injin Toyota mai suna 2JZ, wanda aka sa a Supra ta 1993. Lita 3 ne, silinda 6, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kuma a Japan da doki 280 aka sayar da shi. Abin da ya sa masana inji ke girmama shi har yau shi ne rarar da aka bar masa. An gina shi ya ɗauki fiye da abin da aka ɗora masa, shi ya sa masu gyara ke ninka ƙarfinsa bai tarwatse ba, wanda ya bar shi yadda yake kuma yakan shekara da shekaru yana hawa. A yau sau da yawa ba sai an kwance ƙusa ko ɗaya ba kafin a ƙara wa inji ƙarfi. A sauya lambobin da ke cikin kwamfutar inji kawai, a ce wa turbo ya ƙara matsi, sai ga doki 50 sun fito kamar kyauta. Bashi ne aka ci daga tsawon ran injin. Wanda zai biya kuwa sau da yawa shi ne mutum na biyu ko na uku da zai sayi motar, wanda bai san an taɓa ƙwaƙwalwarta ba. Mu da yawancin motocinmu na hannu ne daga Turai da Amurka, mun san ko wane ne wannan mutum.

Na biyu shi ne mai shaƙar iska. A nan ne labarin ya fi taɓa masu irin sana'ata. Injin dizal yana da buƙatu uku da ke jan juna: ƙarfi, rashin shan mai, da tsabtar hayaƙi. Idan ka ja biyu, na ukun yakan gudu. A ranar 18 ga Satumba, 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ta saka wa motocinta na dizal wata manhaja mai gane lokacin da ake gwada mota a ɗakin gwaji. Idan ta gane gwaji ake yi, sai ta kunna duk matakan tace hayaƙi. Da an hau titi sai ta sassauta su, motar ta riƙa fitar da iska mai cutar da huhu har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike daga jami'ar West Virginia ne suka fara gano bambancin, da suka auna hayaƙin a kan titi. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Ba motocin tsere ba ne, na zuwa aiki ne da kai yara makaranta, amma cinikin iri ɗaya ne: mai saye ya samu ƙarfi da sauƙin mai a farashi mai kyau, cikon kuɗin kuma aka raba wa huhun mutanen da ba a yi shawara da su ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kamfanin ya yi asarar fiye da yuro biliyan 30, kuma a 2017 kotu a Amurka ta ɗaure ɗaya daga cikin injiniyoyinsa, James Liang, wata 40. Cewa shi ma'aikaci ne da ke bin umarnin manya bai wanke shi ba. Wasu layuka ne na manhaja, wani ya zauna ya rubuta su da hannunsa, yana sane da aikin da za su yi.

Na uku shi ne mai tsallaka titi. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da mota za ta doki abu da shi yana ninka sau huɗu, haka ma tazarar da birki ke buƙata kafin ta tsaya. Mai motar yana cikin ƙarfe, da bel, da jakar iska. Mai babur da yarinya mai talla ba su da ko ɗaya. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A kan titi kuwa wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙonewa. Ta wannan fuska, arahar dokin Hellcat ita ce abin tsoron. Veyron guda 450 kacal aka ƙera cikin shekara goma, da yawansu a ajiye suke kamar kayan ado. Doki 707 a kan dala 60,000 kuwa yana nufin ƙarfin da a da sai ƙwararren direban tsere ke taɓa shi, a lokacin ya shiga hannun duk wanda banki ya yarda ya ba rance.

Wani zai ce, to ke nan laifi ne mutum ya so inji mai ƙarfi? Ban ga haka ba. Dokin da ake hawa ranar Sallah ba don huɗa ake kiwonsa ba, kuma babu mai hankalin da zai ce kiwonsa ɓarna ne. Ɗan Adam yana son ya ga iyakar abin da hannunsa zai iya, kuma wannan so ya haifar da alheri mai yawa. Birkin faifai da ke jikin ƙananan motoci a yau, a fagen tsere ya nuna kansa, lokacin da Jaguar ta ci gasar Le Mans a Faransa da shi a 1953. Wanda ya tsaya gaban injin Veyron ya yi mamakin yadda aka haɗa silinda 16 a wuri ɗaya suna aiki ba tare da sun narke ba, mamakinsa halal ne. Amma sukuwar Sallah tana da fage, tana da lokaci, jama'a sun san da ita sun ba da hanya. Wanda ya saki linzami a tsakiyar kasuwa ranar Laraba, da doki iri ɗaya ya yi, amma hukuncinsa daban.

Masu ƙera motocin ma sun san da wannan. Daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa 2004, kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata motar cikin gida da fiye da doki 280 ba, a lokacin da mace-macen haɗarin mota ke damun ƙasar. Manyan kamfanonin Jamus su ma sun daɗe suna sa wa yawancin motocinsu takunkumi a kilomita 250 a awa. Yarjejeniyar Japan ba ta rasa munafunci ba, domin sanannen abu ne wasu injunan sun wuce 280 ɗin da aka rubuta. Duk da haka ta nuna cewa masu gasa da juna suna iya zama su ce nan ya isa, ba tare da doka ta tilasta musu ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne makullai. Hellcat ta zo da guda biyu, ja da baƙi. Idan ka tayar da ita da ja, duk doki 707 suna hannunka. Idan da baƙi ne, kwamfutar inji za ta tsayar da su a 500. Ita ma Veyron ba za ta kai ƙarshen gudunta ba sai ka tsaya cak, ka sa wani makulli na daban a gefen kujerar direba. Injiniyoyin da suka ɓata shekaru suna neman ƙarin doki, su ne kuma suka zauna suka ƙera hanyar ɗaure su. Sun gane cewa na'ura tana iya gaya maka nawa za ta bayar, amma ba ta da hanyar sanin nawa ya kamata a karɓa yau, a kan wannan titi, da waɗannan mutane a gefensa. Wannan hukunci sun bar shi a aljihun mai mota.

Shi ya sa nake ganin lissafin kuɗin doki ɗaya yana buƙatar ƙarin gidaje kafin a yarda da sakamakonsa. Shekara nawa injin zai yi yana ba da wannan ƙarfi? Me yake zubarwa a iska kafin ya ba da shi? Wa zai kwana a asibiti idan aka yi kuskure? Sannan waɗannan masu biya, an tambaye su sun yarda? Idan mai saye ne zai ɗauki duka, kamar mai kai motarsa fagen tsere ya biya kuɗin tayoyinsa da na kanikawansa, to tsakaninsa da aljihunsa ne. Idan kuwa arahar ta samu ne saboda an ɗora wa wani nauyin a ɓoye, to ba ciniki mai kyau aka yi ba, ko da lambar ta yi kyau.

Kuma maganar ba ta tsaya ga mota ba. Manhajar da ake ba ka kyauta, bayananka ne kuɗinta. Kayan da ya zo da araha fiye da kima, wataƙila gumin wani ne ba a biya ba. Yawancinmu ba za mu taɓa riƙe makullin Hellcat ba, ja ko baƙi, amma kowa yana da wani ƙarfi da ya fi buƙatarsa ta yau: a kan ma'aikacinsa, a kan iyalinsa, ko a kan wanda ba zai iya rama masa ba. Dokar hanya a Najeriya ta tsayar da gudun ƙaramar mota a kan babban titi a kilomita 100 a awa, wato aikin doki 30 ko ƙasa da haka. Sauran dawakan da ke cikin injin, direba ne kaɗai zai yanke ko za su zauna a turke.